Yadda Zafi Ya Cinye Mana Littafi, Da Kwamfutar Da Muka Harhaɗa Bayansa

Hausawa na cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu ba ku labarin abin da ya same mu, ko Allah zai sa wani ya tsira da wahalarsa.

Muna da wata tsohuwar kwamfutar tebur 'yar gwanjo, wadda muke buga labarinmu a cikinta. Saboda tsoron ƙurar hunturu sai muka riƙa lulluɓe ta da zane, har a lokacin da take aiki. Hunturu ya wuce, bazara ta shigo, zane yana nan. Ashe garin neman ƙiba rama muka samo, domin mun toshe mata kafofin shan iska. Ta fara kashe kanta muna tsakiyar rubutu, mu kuwa muka ɗora wa wutar lantarki laifi. Ran nan da azahar, cikin watan Afrilu, ta mutu, faifan ajiyarta ya ƙi tashi. Babi 11 na littafin da muka shekara biyu muna rubutawa suka salwanta, ba mu da kwafi ko a takarda. Da mai gyara ya buɗe ta, sai ga ƙura ta daskare a kan fanka kamar an yi yaɓe.

Bayan mun gama jimami muka kwashi adashenmu, muka ƙudura cewa wannan karon da hannunmu za mu harhaɗa, don mu san abin da ke ciki.

Abu na farko da muka koya shi ne kayan kwamfuta sai an duba dangantaka, kamar aure. Kowace furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, tana da irin mazauninta a kan babban allo. Kamfanin AMD ya fito da mazaunin AM4 a 2016, sannan AM5 a 2022, kuma ta wannan ba ta zama a wancan. Haka ram ɗin DDR4 ba ya shiga ramin DDR5. Muka zaɓi Ryzen 5 5600G ta AM4, domin wat 65 aka ƙiyasta zafinta, kuma tana ɗauke da sashen nuna hoto a jikinta. Ka ga mun huta da sayen katin hoto, wanda yake da tsada, ga shan wuta, ga ƙara zafi. Mai buga labari da shirya shafuka ba ya bukatar kayan masu wasannin kwamfuta. Muka sa ram gigabayit 16, muka kuma ɗauki SSD maimakon faifai mai juyawa, tunda ba shi da abin da ke motsi a cikinsa.

Wurin da muka ƙi yin rowa shi ne akwatin rarraba wuta. Araha ba ta ado, kuma idan shi ya lalace yana iya tafiya da sauran kayan. Muka nemi mai wat 450 da tambarin 80 Plus, wanda ke nufin aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja tana isa ga na'ura, ragowar ce kawai ke zama zafi. Muka haɗa da UPS, don in an ɗauke wuta mu sami 'yan mintuna mu adana aiki.

To, sai batun sanyaya, wanda shi ne ya jawo mana asara tun farko. Ku lura 'yan uwa, fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa. Masu gwajin da muke gani a intanet yawanci a ɗaki mai digiri 20 da 'yan kai suke, alhali a Kano zafin Afrilu kan kai digiri 40. Duk abin da suka auna, sai ka ƙara wannan ratar a kai. Saboda haka muka ajiye ƙaramar fankar da ta zo da furosesa, muka sayi doguwa mai bututun tagulla da fanka mai milimita 120. An yi ta kwaɗaita mana mai sanyaya da ruwa, mai fitilu kala-kala, muka ƙi. Famfonta na iya tsayawa, kuma wat 65 bai kai a yi masa wannan ɗawainiya ba.

A nan ma sai da muka yi tuntuɓe. Mun ɗiga man da ke haɗa furosesa da ƙarfen sanyaya daidai ƙwayar wake, muka ɗaure, muka kunna, sai ga zafi yana haurawa kusa da digiri 95, iyakar da aka yanka mata. Da muka kwance, ashe ledar da ke manne a gindin ƙarfen ce muka manta ba mu ɓare ba.

Game da ƙura kuwa, mun sa fanka biyu a gaba suna jawo iska ta cikin rariya, ɗaya a baya tana fitarwa. Idan mai shiga ta fi mai fita yawa, ƙura ba ta samun kutsawa ta sauran kafofi. Akwatin yana kan tebur, nesa da bango, kuma da hunturu duk mako biyu muke wanke rariyar. Zane kuwa sai an kashe ta ta huce.

Amma fa duk wannan bai hana ƙaddara ba. Yanzu kowace Juma'a muna kwafe aikinmu a filashi, mu aika wa kanmu ta imel, kuma duk babin da ya kammala sai mun buga shi a takarda.

Mun sake rubuta littafin, yau muna babi na 8. Sai dai babi na 4, inda uwar yarinyar take sallama da ita, mun rubuta shi sau uku bai dawo yadda yake ba. Don haka, ɗan uwa, kafin ka kwanta yau ka kwafe naka. Allah ya sa mu dace, amin.