Jini Bai Isa Shaida Ba

Yayanmu ya daɗe yana aiki a Faransa kafin shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, ta tafi da maganarsa. Mu muna Damagaram, ƙanwarmu kaɗai ke kusa da shi. Mun ɗauka jini ya isa shaida: uwa ɗaya uba ɗaya, wa zai hana ta tsaya masa? Banki ya hana. Takardarsa ta tallafin magani na masu ƙaramin ƙarfi, wadda ake sabuntawa kowace shekara, ta kusa ƙarewa, ga shi ba ya iya sa hannu.

Sai da likita daga cikin waɗanda hukumar shari'a ta amince da su ya duba shi, sannan alƙali ya ba ƙanwarmu izinin wakilcin iyali, hanyar da aka buɗe a 2016. Watanni muka yi muna jira, muna karo-karo. A nan muka ji cewa dokar 2007 ta ba mutum damar naɗa waliyyinsa a rubuce tun yana da lafiya. Yaya bai rubuta ba. A gidanmu, ambaton irin wannan rana tamkar kiran ta ne, alhali malamanmu sun daɗe suna karantar da hukuncin riƙe wa wanda ya gaza dukiyarsa domin amfanin kansa.

Alƙali bai wajabta mata kai lissafi ba, amma ko dala ba ta fita sai ta rubuta. Kowace Juma'a takan karanta masa, shi kuma ya damƙe hannunta da hagunsa.