Filash ɗina, bairos, da layi ɗaya mai bayit 32

1/ Talatar da ta wuce, saura kwana biyu in miƙa babi na uku da na huɗu na furojet ɗina, na je shagon firintin na bakin get. Da na dawo ɗaki na saka filash a laptop, babu folda ko ɗaya. Duk sun koma shotkot, masu ɗan kibiyar nan a gefe. Aikin wata bakwai fa. Wallahi sai da na zauna a ƙasa.

Zare ne, ku yi haƙuri da tsawonsa.

2/ Ni Tarihi nake karanta, sanina a kwamfuta bai wuce Word ba. Na kira abokina na sashen kwamfuta muryata na rawa. Ya ce, "Mutumina kar ka danna komai, duba min nawa ya cika a filash ɗin." Na duba: giga 5 da wani abu, kamar jiya. Ya yi dariya, ya ce to kayanka na nan, ɓoye su aka yi.

3/ Ya zo ya goge bairos ɗin, ya buɗe baƙin allon nan na cmd, ya rubuta:

attrib -h -s -r /s /d F:\*.*

Ko minti ɗaya ba a yi ba foldojina suka dawo. Na yi hamdala, amma abin ya tsaya min a rai. Ta yaya rabin layi zai ɓoye aikin wata bakwai, wani rabin layin ya dawo da shi? Bayan na miƙa aikin na zauna na yi karatu a kai.

4/ Ashe filash ɗina, mai tsarin FAT32, jika ne ga tsarin MS-DOS, manhajar da ta zo da kwamfutar IBM a 1981. Asalinta Tim Paterson ne ya rubuta ta a 1980 a wani kamfani na Seattle a Amurka, Microsoft ta saya. Faifan lokacin kilobayit 160 yake ɗauka. Ko hoto ɗaya na wayarka ba zai shiga ba. Shi ya sa komai nasu a tsuke yake.

5/ Abin da ya fi burge ni: sunan fayil ba ya cikin fayil ɗin. Haka ranarsa da girmansa. Suna cikin wata rajista daban, kowane fayil da layinsa. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin adana takardun tarihi ya san wannan: takarda na cikin kwali, bayaninta na kan kati. Kati ya ɓace, takarda na nan amma ba mai gano ta.

6/ Layin nan bayit 32 ne cif. Takwas na suna, uku na wutsiyar suna irin DOC ko TXT. Ɗaya na halin fayil. Biyu na lokaci, biyu na kwanan wata, biyu na nuna inda fayil ya fara a faifai, huɗu na girmansa. Sauran goman suka bar su fanko, ko za a buƙace su wata rana. An kuwa buƙace su: nan Windows ta zo ta cusa ranar da aka ƙirƙiri fayil.

7/ Wannan bayit ɗaya na halin fayil shi ne ya kusa sa min hawan jini. Cikinsa akwai ƙananan makunnai, kowanne a kunne ko a kashe: a karanta kawai, a ɓoye, na manhaja ne, folda ne, da sauransu. Bairos ɗin ya kunna "a ɓoye" da "na manhaja ne" a kan foldojina, ya ajiye shotkot masu sunayensu don in danna ya yaɗu. Ko harafi ɗaya na babi na uku bai taɓa ba. Alamar ragi da abokina ya sa gaban h da s, kashe makunnan kawai yake nufi.

8/ Kwanan wata kuma abin dariya ne. Shekara bit 7 suka ba ta, wato shekara 128, ana ƙirgawa daga 1980. A 2107 lissafin zai ƙare. Daƙiƙa kuma wuri bai isa ba, sai suke ƙirga ta bibbiyu. Gwada ka gani: duba lokacin da aka gyara fayil na ƙarshe a filash mai FAT32, ba za ka ga daƙiƙa 7 ko 15 ba, sai 6, 8, 14.

Kuma idan fim ya kai giga 4 filash ta ƙi karɓa alhali da wuri, bayit huɗun nan na girma ne suka kai iyakarsu.

9/ Dogayen sunaye irin "Babi na uku gyara na ƙarshe wallahi" sai Windows 95 suka zo, kuma da dabara. Ana yanka sunan haruffa 13-13, a ɓoye a wasu layuka na rajista da tsohuwar DOS ke tsallakewa. Ni dai a ganina faci ne, amma facin da ya shekara talatin bai yage ba.

10/ Yanzu ga inda abin ya yi min ciwo. Idan ka goge fayil a wannan tsarin, ba a share abin da ke cikinsa. Harafin farko na sunansa ake maye gurbinsa da wata lamba, E5, sai a rubuta cewa wurinsa fili ne, wani na iya shiga. Shi ya sa UNDELETE da ta zo cikin MS-DOS 5 a 1991 take tambayarka harafin farko na sunan. Shi kaɗai ta rasa a sunan.

11/ Ina karanta haka gabana ya faɗi. Wata biyu baya na goge wata hira da na naɗa da wani dattijo a garinmu, kan yadda aka tashi tsohuwar kasuwa. Na ɗauka na kwafe ta a laptop, ashe ban kwafe ba. Abin da aka goge a filash kuma ba ya zuwa kwandon shara. Na riga na haƙura, na rubuta abin da na tuna.

12/ Na koma wurin abokina da gudu. Ya sa manhajar dawo da fayil, sai ga shi: _EC003.WAV. R ɗin farko ce babu, girman yana nan, ranar ma tana nan. Layin rajistar ya jira ni wata biyu.

Muka dawo da shi muka kunna. Minti 11 na farko muryar Baba ras, har da tarinsa. Daga nan sai shuuu. A wata biyun nan na loda finafinai da hotunan biki a filash ɗin, sun hau kan ragowar. Hirar minti 48 ce.

13/ Don haka idan ka goge abu bisa kuskure, zare filash ɗin nan take, kar ka saka komai a ciki sai an gwada dawo da shi. Da na san haka da yanzu ina da hirar gaba ɗaya.

14/ Na kira gida, an ce Baba yana nan amma jikin sai a hankali. Ranar Juma'a bayan lakca zan hau mota. Na sayi goro, na cika wayata da caji, na kuma ari rikoda ta biyu.