Birin da na saya a kasuwar Mai'aduwa

Ni na sayi birin da ya ciji 'yar maƙwabcina a Sandamu, ni kuma na sake shi ya shiga ɓarna a gonakin mutane. Babu wanda ya tilasta mini ko ɗaya.

Wata Lahadi na gan shi a kasuwar Mai'aduwa, can gefen kara. Jaririn jan biri ne, an ɗaure masa tsumma a ƙugu, ya ƙanƙame hannun mai shi yana rawar jiki. Na ce yara za su yi murna. Ban tambayi inda aka samo shi ba, alhali kowane mafarauci ya san uwar biri ba ta sakin ɗanta tana da rai. Kuɗina ne ladan wanda ya kashe ta, kuma su za su mayar da shi daji neman wata.

Da ya girma fiƙoƙi suka fito, hali ya sauya. Wata rana ya tsinke igiya, ya haura katanga, ya kafa wa yarinyar haƙora a dantse. Sai da muka yi ta zarya zuwa Daura ana yi mata allurar rigakafin haukan kare. Mahaifinta bai ɗaga mini murya ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, albarkacin zaman tare na yi shiru, amma ka raba mu da dabbar nan."

Nan na tafka kuskuren da ya fi na farko. Da asuba na sa birin a buhu, na kai shi bayan gari a babur na kwance, wai na mayar da shi gida. Wane gida? Ƙasarmu gona ce ta haɗe da gona, daji ya ƙare. Birin da ya tashi da tuwo a akushi ba ya tsoron mutum, bai kuma iya neman abin kansa ba. Ya shiga tone gyaɗa, yana tare yaran da ke kai abinci gona, har matasa suka bi shi da karnuka suka kashe. Na bi masu gonakin na nemi gafara, wasu suka yafe, wasu na biya.

Irin wannan sakacin ya wahalar da ƙasashen da suka fi mu kayan aiki. A 2003 an kai gafiyoyi da wasu ɓeraye daga Ghana zuwa Texas don masu kiwon sha'awa, ta nan ƙyandar biri ta kama mutane da dama a Amurka. A tsibirin Grassy Key na Florida kuma, gafiyoyin wani mai kiwo sun bazu, hukuma ta shafe shekaru tana farautarsu.

Najeriya na da dokar kare namun daji tun 1985, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES kuma ta hana fataucin akun da aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe a 2016. Duk da haka ana tallan aku da kunkuru da 'yan barewa a fili, har a Facebook.

Ina roƙon sarakunan kasuwa da hakiman masarautar Daura su hana wannan ciniki a kasuwanninmu. Kai kuma da ke da irin dabbar nan a ɗaure, don Allah kada ka sake ta. Nemi jami'an gandun daji, ko ka tuntuɓi gidan zoo na Audu Bako a Kano.