Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Kowa ya san kifi a kasko, amma kaɗan ne a cikinmu suka san shi a matsayin abin kiwo na cikin ɗaki. Ni ina da akwatin gilashi mai cin lita 60 a gidana a Kuluba, cikin birnin Wagadugu, da 'yan jajayen kifaye. Ɗaya daga cikin cututtukan da suka fi damun masu irin wannan kiwo ita ce ruɓewar fiffike. Ina so in yi magana a kanta, gama ta koya mini wani abu game da zaman ikilisiya.

Ciwon yakan fara daga gefe. Bakin wutsiya ko na fiffike ya yi fari, sa'an nan ya yayyage kamar tsohon tsumma. Kifin yana iyo, yana cin abinci, har mai shi ya ce ba kome. Amma idan aka bari ruɓar ta kai ga tsoka, fiffiken ba ya sake tsirowa yadda yake, sau da yawa ma kifin mutuwa yake yi.

Ƙwayoyin cutar da suke kawo wannan, irin su Aeromonas, kullum suna cikin ruwa. Ba sa iya yi wa lafiyayyen kifi kome. Sai kashin kifi da ragowar abinci sun taru sun zama guba mai suna amoniya, ko kifaye sun yi yawa suna cizon juna, ko kuwa sanyin hunturu na Disamba da Janairu ya raunana su, sa'an nan ƙwayoyin su sami ƙofa. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Saboda haka magani daga ruwa yake farawa. Nakan kwashe kashi 1 cikin 4 na ruwan kowane kwana biyu har ciwon ya tsaya, in zuba sabo. Ruwan famfo yana da kulorin, don haka nakan bar shi ya kwana a buɗaɗɗen bokiti tukuna. Nakan rage abinci, in raba mai cizo da sauran. Gishiri kaɗan yana taimako, wajen ƙaramin cokali 1 ga lita 5. Idan aka yi sa'a, bayan 'yan makonni za a ga wata fata garau tana tsirowa a bakin fiffiken. Amma wanda ya ware kifin da ya kamu kaɗai, ya bar ruwan yadda yake, gobe wani ne zai kamu.

'Yan'uwa, haka zaman jama'a yake. A shekara ta 2003 aka rushe Zangwetin, tsohuwar unguwar Hausawa, da wani sashi na Kuluba, domin aikin ZACA na sabunta tsakiyar birni. Aka ba mutane filaye a wajen Waga 2000 da Niyoko. Maƙwabtan da suka yi shekaru suna gaisawa da safe suka rabu. A irin wannan hali na lura cewa ba dattawan gaba ne suke fara ɓacewa daga sujada ba. Na gefe ne: gwauruwar da kuɗin mota ya fi ƙarfinta, saurayin da ba shi da aiki, baƙon da ba ya jin Mosanci ko Faransanci.

Abu mai sauƙi ne mu ce bangaskiyarsu ce ta yi sanyi. Amma kafin mu zargi kifi, bari mu duba ruwan. Akwai tsegumi a cikinmu? Akwai tsohon fushi da ya kwanta a ƙasa, ba a kwashe ba? Wa ya je gidan wanda ba a gani ba mako uku? A sura ta 5 ta wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa, Manzo Bulus ya gargaɗi masu bi a kan cizon juna, gama ya san inda abin yake ƙarewa.

Ba a canza ruwa duka rana ɗaya, don kifi ba ya jure wa sauyi na farat ɗaya. Kaɗan kaɗan ake yi, ba fashi: ziyara ɗaya, neman gafara ɗaya, kwanon tuwo ɗaya zuwa ga wanda yake can nesa. Ubangiji ya ba mu idon ganin na gefe tun ciwon bai kai ga tsoka ba. Amin.