Land Rover Mai Dogayen Ƙafafu

Kowa ya ƙetare gadar Kogin Kaduna ya nufi kudu, ya wuce tashar jirgin ƙasa, to, ya shiga unguwannin ma'aikata ke nan, watau Makera da Kakuri. A nan aka kafa masaƙar Kaduna Textiles cikin 1957, waɗansu masaƙu suka biyo bayanta. A nan kuma kamfanin Peugeot ya soma haɗa motoci cikin 1975. Masaƙar nan ta rufe tun 2002, amma cikin shekarun 1980, sa'ad da abin da za a faɗa ya auku, Kakuri tana cike da mutane dare da rana, in waɗannan suka tashi aiki waɗancan su shiga. Inda injuna suka yi yawa kuwa, ba a rasa makanikai da masu walda da masu faci a gindin kowace itaciya.

Akwai wani mutum, magidanci, mai mata ɗaya da 'ya'ya 6, wanda ya yi shekara da shekaru yana tsaye gaban injin saƙa, har ƙarar ta fara taɓa masa kunne. Ya ajiye aiki, aka ba shi kuɗin sallama. Tun yana aiki ya lura da wani abu: kowace shekara, in damina ta yi tsakiya, masara sai ta yi tsada a kasuwannin Kaduna, alhali kuwa tana nan jibge cikin rumbuna a ƙauyukan da ke bayan Kujama da Kasuwan Magani, kan hanyar Kachia. Abin da ya raba mai masara da mai saye taɓo ne kawai. Manyan motoci iyakarsu bakin kwalta. A-kori-kura ta Peugeot, wadda jama'a ke kira Fijo, mota ce mai haƙuri ƙwarai, amma ƙafafunta na baya kaɗai ke turawa, in suka sami laka sai su yi ta juyawa a wuri ɗaya. A Faransa wani kamfani mai suna Dangel ya fara juya irinta tun 1980 don ta riƙa ja da ƙafa huɗu, amma wannan ba abin da mai kuɗin sallama zai yi mafarkinsa ba ne.

Ana nan sai ya ji wata ma'aikata za ta yi gwanjon tsofaffin motocinta. Ya tafi, ya sayi Land Rover doguwa, ƙirar shekarun 1960, wadda aka daɗe da jinginewa har kaji sun yi ƙwai a kujerarta. Aka jawo ta da igiya zuwa Kakuri.

Ita Land Rover a Ingila aka fara ƙera ta, cikin 1948. Da yake ƙarfe ya yi wuya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka yi jikinta da alminiyam, watau sanholo, shi ya sa ba ta tsatsa a ido. Dattawa sun san ta sarai, gama ita ce motar rangadin Di'o da ta likitan dabbobi da ta En'e. Ban da sandar giya, tana da waɗansu sanduna 2 a gaban direba. In an danna mai rawayan kai, ƙafafun gaba su kama aiki tare da na baya. In an jawo mai jan kai baya, motar ta shiga giyar ƙarfi, wadda direbobi ke kira ogzilari: tafiya kamar ta hawainiya, ja kamar na bijimi. Ba a yawo da ƙafa huɗu a kan kwalta, don ƙarafan ciki za su murɗe juna.

Makaniken da ya kai wa motar tsoho ne, wanda ya koyi aiki tun zamanin Turawa. Mutumin ya gaishe shi, ya ce, "Baba, so nake a ɗaga ta sama sosai, a sa mata manyan tayoyi, yadda ba ramin da zai tare ta."

Tsohon bai amsa ba. Ya ɗauki ƙaramar guduma, ya shimfiɗa buhu, ya kwanta ƙarƙashin motar, ya bi shasi yana ƙwanƙwasawa daga gaba har baya. Shasi shi ne dogayen ƙarafan da dukan mota ke zaune a kansu, kamar azara ga soro, shi kuwa ƙarfe ne, yana tsatsa. Inda ƙarfen yake da lafiya sai ya yi ƙara tar, inda ya ruɓe sai ya amsa kamar fasasshiyar ƙwarya. A wuri 3 gudumar ta burma. Ya fito yana karkaɗe riga, ya ce, "Malam, ba a ɗaura wa gurgu sirdi. Mu gyara mata ƙashin baya tukuna."

Sati 2 aka yi a kan wannan kaɗai, ana yankan ruɓaɓɓen ƙarfe ana walda sabo. Mai motar yana zuwa kullum, yana duba aljihunsa yana duba hadari, ransa ba daɗi, don duk kuɗin da ake kashewa a ƙarƙashi ba mai ganinsa. Haka halin ɗan Adam yake game da mota, ya fi son fenti da fitila.

Daga nan aka koma kan ruwa. Inji yana numfashi kamar mutum, amma in ya shaƙi ruwa ba ya tari ya fitar. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa, sai sandar fistin ta lanƙwashe, inji ya tashi aiki. Saboda haka Baba ya jawo hancin injin da bututu, ya bi da shi gefen gilashin gaba har saman rufi. Ya shafe wayoyin fulogi da giris, ya lulluɓe kan da ke raba musu wuta da robar tsohon tub. Akwai kuma wani ɗan abu da makanikai da yawa ke mantawa. Ƙarfen nan da ya haɗa ƙafa da 'yar'uwarta, wanda ake kira aksul, yana da 'yar kafar shan iska a bisansa. In ya yi zafi da tafiya aka tsoma shi cikin rafi, sai ya zuƙi ruwa ta nan, man da ke ciki ya koma kamar kunu, haƙoran ciki su cinye juna. Baba ya sa wa kowace kafa siririn tiyo, ya ɗaure bakinsa can sama. Ya kuma kafa faranti mai kauri a gaba, don kada kututture ya lanƙwasa sandunan sitiyari. Sifirin na baya kuwa ya ƙara musu ganye bibbiyu, ya sake shokazoba.

Sai aka zo ga maganar tayoyi, a nan ne fa suka saɓa. Motar tana da taya mai lamba 7.50-16. Mai ita ya ga waɗansu masu lamba 9.00-16 a wurin mai faci, manya, masu zurfin zane, hankalinsa ya tafi gare su. Baba ya tsuguna, ya nuna masa wani abu mai kama da tulu a tsakiyar aksul, ya ce, "Ka ga wannan? Shi ne ya fi kome kusa da ƙasa, shi ke fara dafe tudun tsakiyar hanya. Ko an ɗaga jikin mota ya kai rufin soro, tulun nan yana inda yake. Taya kaɗai ke ɗaga shi, ita ma da rabi: in ta fi waccan tsawo da inci 4, inci 2 ka samu."

Mutumin ya ce, "To, ai inci 2 ma riba ce, Baba."

Baba ya ce, "Riba ce, amma da wanda zai biya. Cikin aksul ɗin nan akwai sanda 2, kowace tana murɗa ƙafa guda, kaurinta bai fi na taɓaryar yara ba. Ita ce raunin irin wannan mota tun tana sabuwa. Doguwar taya kamar dogon sifana ce, ƙarfin da za ta mayar wa sandar ya fi na gajeriya. Birki ma zai ragu. Ka bar mata tayarta, mu sayi sababbi masu zanen laka."

Game da kariya, watau ragar ƙarfe da ake kafawa a bisa rufi don ɗora kaya, Baba ya ƙi ƙememe. Ya ce an yi motar don ta ɗauki wajen kashi 3 cikin 4 na tan ɗaya, buhu 7 ko 8 ke nan na masara, kuma kayan da ke bisa kai su ke kayar da mai tafiya a gangare. Abin da ya ba shi maimakon haka shi ne dogon jak, da shebur, da gatari, da sarƙa. Ya kuma naɗe wata tsohuwar sandar aksul cikin tsumma ya tura bayan kujera, bai ce kome ba.

Ba za a ce mutumin nan wawa ne ba. Lissafi ya yi, lissafin kuwa daidai ne a takarda: fetur ɗin da zai kai buhu 8 shi zai kai buhu 14, damina kuwa ba ta jiran kowa. Ya yi godiya, ya biya, ya zaga bayan layi wurin wani saurayi mai walda, aka kafa masa kariya, mai faci ya sa manyan tayoyin. Da motar ta fito titi, yara suka bi ta suna ihu, ta yi tsawo kamar raƙumi. Baba yana zaune a kan benci ya gan ta ta wuce, ya ci gaba da cin goronsa.

Tafiya 3 ya yi lafiya lau, ya kuwa sami kuɗi. Labari ya bazu cikin abokan aikinsa na dā, har mutum 5 suka haɗa kuɗin adashinsu suka ba shi amana ya sayo musu masarar da iyalinsu za su ci kafin kaka.

Ranar tafiya ta 4, cikin watan Agusta, ya bar kwalta bayan Kasuwan Magani, ya shiga daji wajen mil 12. Ya loda buhu 9 a ciki, 5 a kan kariya, ya juyo da la'asar, hadari ya riga ya haɗu a gabas. Akwai wani rafi a hanya wanda ya ƙetare da safe ruwa iyakar idon sawu. Yanzu ya kai gwiwa. Ya jawo sanda mai jan kai, ya shiga a hankali. Ruwa ya haura bamba, inji bai ko yi atishawa ba, aikin Baba ya yi rana. Amma gaɓar da zai hau ta jirkice, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu. Da motar ta fara hawa sai nauyin sama ya rinjaye ta hagu, har yaron motarsa ya yi salati ya dira. Ƙafar baya ta dama ta yi sauƙi, ta kama juyawa a banza tana watsa laka. A nan ne tsoro ya sa shi abin da ba a yi: ya taka totur har ƙasa. Tayar tana cikin gudu ta ci karo da dutse a ƙarƙashin lakar, ta cije nan take. Sai aka ji ƙas, kamar an karya rake.

In sanda ɗaya ta karye, ƙarfin baya duka ya tafi, don tulun nan yakan tura ƙarfi ne wajen da ya fi sauƙi. Ga mota rabinta cikin ruwa, ga rafi yana ƙaruwa, ga ruwan sama ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ba dabarar da ta saura sai a sauke kaya. Yaron ya ruga wani ƙauye da ke kusa, maza wajen 10 suka zo, Allah ya saka musu, suka riƙa ɗaukar buhu a ka suna haurawa da shi. Da motar ta zama wofi, aka sassare rassa aka shimfiɗa, ƙafafun gaba suka ja, mutane suka tura, ta fita bayan sallar isha.

Suka kwana a ƙauyen. Da gari ya waye ya tuna da abin da ke bayan kujera. Ya kwance kusoshi 6 na tsakiyar ƙafar, ya zaro sandar da ta karye, amma guntunta ya maƙale a cikin tulun. Sai da suka zare ta ɗaya gefen, suka yi ta zungura da siririn ƙarfe har azahar kafin ya faɗo. Ya sa tsohuwar sandar Baba, ta zauna daram.

Masara dai ta sha ruwa. Aka shanya abin da za a iya shanyawa, amma ina rana a watan Agusta? Buhu 6 suka yi fumfuna, ba su da amfani sai ga masu kiwo. Ya tara abokansa 5 a ƙofar gidansa, ya gaya musu abin da ya faru bai ɓoye kome ba. Ɗaya daga cikinsu ya ce ai tsautsayi ne, a raba hasarar. Ya ce a'a, shi ya ɗora kayan. Ya ba su buhunan da suka tsira, ya cika sauran daga ribar tafiya 3 ɗin nan, har ta ƙare sarai, ya kuma sayar da keken ɗinkin matarsa, da yardarta, aka ce ta yi kwana 2 ba ta yi masa magana ba.

Bayan sati ɗaya ya kai motar wurin tsohon. Ya tsuguna ya gaishe shi, ya ajiye guntayen sandar 2 a gabansa. Baba ya ɗauka, ya duba bakin karayar, wanda ya murɗe kamar igiya, ya ce, "Totur ka taka?"

Ya ce, "Na taka, Baba."

"Ruwa ya shiga inji?"

"Ko ɗigo."

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya aiki yaro wurin mai faci ya tambayo ko tayoyin nan na dā suna nan, aka ce an sayar da 2, sai an nemo. Sa'an nan ya tashi ya zaga motar, ya tsaya yana duban kariyar, ya kama ta ya girgiza. Ya ce saurayin nan ya iya walda, ba laifi, ƙarfen kuma mai kyau ne, hasara ne a yar. Ya sa yaransa suka sauko da ita, ya auna da igiya, ya yanka ta gida 2 a tsaye, ya ƙara mata guntayen ƙarafa a gicciye, ta zama tsani 2, kowane tsawonsa ƙafa 5.

Ya ce, "In ta kafe, ka haƙa gaban taya, ka tura waɗannan ƙarƙashi, ka hau da giyar ƙarfi, ƙafarka kuwa ta bi totur kamar mai taka ƙwai. Buhu nawa za ka ɗauko ran Alhamis?"

Ya ce, "Takwas."

Baba ya ce, "Bakwai. Tsanin ma yana da nauyi."