Sanyin Mai Doki da Sanyin Doki

A ƙasar Ingila, da zarar watan Satumba ya raba tsakiya, masu dawaki sukan shiga wata muhawara da ba ta lafawa sai bayan sabuwar shekara. Tambayoyi biyu ne kacal: yaushe za a yi wa doki aski, kuma yaushe za a fara lulluɓa masa bargo? Bahaushen da ya tashi yana ganin doki a turke, daga shi sai gashin da Allah Ya yi masa, yana iya ɗaukar wannan a matsayin irin abin da ƙoshi ke sa mutane yi. Ni dai na shafe hunturu huɗu a arewacin ƙasar ina karatun digiri na uku, ina kuma taimakawa a wata barga a ƙarshen mako don rage kewar gida, kuma na ga maganar tana da tushe. Wanda ke shan wahalar hukuncin da aka yanke ba daidai ba dabba ce da ba ta da bakin kai ƙara.

Mutane da yawa suna zaton sanyi ne ke kiran gashin hunturu. Gaskiyar lamarin ita ce, raguwar hasken rana ce ke fara kiransa. A birnin Landan, yini yakan haura awa 16 da rabi a wajejen 21 ga Yuni, sannan ya yi ta raguwa har ya gaza awa 8 a ƙarshen Disamba. Doki yana lura da wannan ta idanunsa: yadda dare ke ƙara tsawo, haka ƙwaƙwalwarsa ke ƙara fitar da sinadarin melatonin, daga nan saƙo ya isa fata cewa a zubar da gajeren gashi a fito da dogo. Shi ya sa ko a shekarar da Oktoba ya zo da ɗumi, za ka tarar dawaki sun yi buzu-buzu kamar tumaki. Kuma wannan riga ce ta gaske. Gashin yakan miƙe ya riƙe iska mai ɗumi a kusa da fata, maiƙon da ke jikinsa kuma ya sa ruwan sama ya zame. Na sha ganin ƙananan dawakin tsauni tsaye a fili, dusar ƙanƙara ta kwanta a bayansu ba ta narke ba, alamar cewa zafin jikinsu bai fita waje ba ke nan. Ban da rigar, akwai murhu a ciki. Busasshiyar ciyawar da doki ya ci a babban hanjinsa take narkewa, narkewar nan kuwa tana haifar da ɗumi na sa'o'i masu yawa.

To, in haka ne, me ya kawo aski? Aiki ne ya kawo shi. Doki dabba ce mai yawan gumi. In aka hau mai dogon gashi aka yi sukuwa ta rabin awa, sai ya jiƙe sharkaf, kuma gashin nan mai kauri yakan ɗauki sa'o'i kafin ya bushe. A Disamba duhu yakan shiga tun wajen ƙarfe huɗu na yamma. Ma'aikacin da ya tashi daga ofis ya hau dokinsa ya sauko ƙarfe bakwai, yana tsaka mai wuya: ko ya zauna yana goge doki har tsakar dare, ko ya tafi ya bar shi a jiƙe cikin sanyi. Jiƙaƙƙen gashi kuwa ba ya riƙe ɗumi. Sai aka ga gara a sa kilifa a rage gashin, domin gumin ya ragu, wanda ya fito kuma ya bushe da wuri.

Askin ma hawa-hawa ne. Akwai wanda ake cire gashin ƙasan wuya da ƙirji kawai, don dokin da ake hawa sau ɗaya ko biyu a mako. Akwai wanda ake bi ta gefen ciki a miƙe, daidai layin da igiyoyin keken doki ke bi a zamanin da, a bar na sama. Akwai na mafarauta, wanda ake aske jiki duka a bar ƙafafu saboda ƙaya da taɓo, a kuma bar gurbin sirdi. Sai kuma ƙwalƙwal, na dawakin gasa. Gashin baki da na kewayen ido dai ba a taɓa su a wajen masu hankali, domin da su doki ke laluben abin da ke gabansa; hukumar wasannin dawaki ta duniya ma ta haramta aske su daga watan Yuli na 2021.

Tsohuwar da ke da bargar da nake zuwa ba ta taɓa yarda ta kunna kilifa don kalanda ta nuna Oktoba ba. In mai doki ya zo da buƙatar aski, sai ta tambaye shi kwana nawa a mako zai riƙa hawa daga nan zuwa Fabrairu, ta kuma gargaɗe shi kada ya faɗa mata burinsa, ya faɗa mata abin da ya yi bara. Tambaya ta biyu ita ce, wa zai zo safe da yamma ya sauya bargo ranar da hanya ta daskare. Na daɗe ina juya wannan tambaya ta biyu a raina, domin a ganina ita ce ginshiƙin maganar baki ɗaya. Aski bashi ne. Wanda ya tuɓe wa doki rigarsa ya ɗauki nauyin zame masa riga har sanyi ya wuce, kullum, ko yana da lafiya ko ba shi da ita, ko ya yi tafiya ko yana gari. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, sai dai a nan wani ne ke jan ruwan, doki kuma ya sha dukan. Gashin da aka aske a farkon kaka yakan sake tsirowa cikin mako uku zuwa biyar, a sake bi, har zuwa ƙarshen Janairu, lokacin da al'adarsu ta ce a ajiye kilifa don kada a ɓata sabon gashin da ke tafe. Amma abin da aka cire yau ba a mayar da shi gobe. Shi ya sa tsohuwar takan fara da ƙaramin aski. In an ga doki yana ci gaba da jiƙewa, a ƙara.

Bargo kuwa, nan ne son zuciya ya fi shiga, kuma son zuciyar da ke sanye da rigar tausayi. Bargunan dawaki a can ana sayar da su ne bisa nauyin abin da aka cusa a cikinsu: akwai marar komai wanda ruwa kawai yake tarewa, akwai mai giram 100, mai 200, har mai 300 da 400. Kamfanoni sukan buga jadawali, digiri kaza bargo kaza, mutane su duba waya su ga hasashen yanayi su ɗauko. Mutum ya fito da safe iska ta buge shi, ya ji haƙoransa na haɗuwa, sai ya yanke wa dokinsa hukunci da fatar kansa. Alhali ɗan Adam in ba tufafi yakan fara jin sanyi tun daga wajen digiri 25 a ma'aunin Salshiyas, shi kuwa lafiyayyen doki mai gashinsa yana zaune lafiya tsakanin digiri 5 da 25 ba tare da jikinsa ya yi wani ƙarin aiki ba. Dawakin da suka saba da sanyin Kanada ma an auna an ga sai an kai digiri 15 ƙasa da sifili kafin jikinsu ya fara ƙona ƙarin abinci don ɗumama kansa. Sabon nan yakan ɗauki mako biyu zuwa uku, kuma wanda ya yi gaggawar lulluɓe dokinsa a sanyin farko ya hana shi samun sabon.

Illar ba ta tsaya nan ba. Bargo marar kauri da aka ɗora kan cikakken gashi yakan kwantar da gashin, ya kore iskar da ke riƙe ɗumi, har doki ya fi jin sanyi da shi fiye da babu shi. Mai kauri kuma yakan sa shi gumi da rana, kuma ba shi da hannun da zai yaye. Kafaɗu su goge, geza ta zube, miki ya ɓuya a ƙarƙashi ba wanda ya gani. Abin da ya fi damun likitocin dabbobi a can shi ne ƙiba. A ɗabi'a, doki yakan tara kitse lokacin ciyawa ya ƙone shi a hunturu. In an lulluɓe shi an kuma cika masa ciki, sai ya shiga sabuwar ciyawa da tsohon kitsensa, wannan kuwa babbar ƙofa ce ga kumburin naman da ke riƙe da kofato, ciwo mai tsananin azaba da kan kai ga a kashe dabba don a hutar da ita.

Ba ina cewa a jefar da barguna ba ne. Dokin da aka aske yana buƙata, haka tsoho, da ramamme, da marar lafiya, da siraran dawakin tsere masu laushin fata. Kuma ruwa haɗe da iska a digiri 7 ya fi cutarwa a kan busasshen sanyi na ƙasa da sifili. Abin da nake ja a kansa shi ne ma'aunin. Zuwa da kai ya fi saƙo: a cusa hannu ƙarƙashin bargon ta bayan kafaɗa. In an ji ɗumi a bushe, daidai ne. In an ji danshi, ya yi yawa. In an ji sanyi, ga doki ya takure ya matse wutsiya ko yana karkarwa, a ƙara. Taɓa kunne da mutane ke yi ba abin dogaro ba ne. A kuma riƙa yaye bargon kullum ana shafa haƙarƙari, domin dogon gashi yana ɓoye rama kamar yadda babbar riga ke ɓoye ta.

A shekarar 2016 wasu masu bincike a ƙasar Norwe suka wallafa wani aiki da nake yawan ba ɗalibaina labarinsa. Sun koya wa dawaki 23 taɓa allo da baki: allo mai layi a kwance yana nufin a sa mini bargo, mai layi a tsaye a cire mini, farin allo kuma a bar ni yadda nake. Cikin mako biyu duk suka gane. A ranakun rana da ɗumi, masu bargo suka nemi a cire. A ranakun ruwa da iska da sanyi, akasarin marasa bargo suka nemi a sa musu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwanmu da wannan a ƙasar da rana ke dafa ƙwai? Ruwanmu ya shigo ta wayar hannu. Matasanmu masu sha'awar kilisa da folo suna kallon bidiyon bargunan Turai, ga dawaki cikin riguna masu ɗaukar ido, sai su ga kamar wannan ne cikar gata. Amma a Kano bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa ɗaya da rabi ba, a Landan kuwa ya kusa awa tara. Dawakinmu ba sa fitar da irin wancan gashi, don haka dalilin askin hunturu bai taso ba. Inda kilifa ke da amfani a wajenmu shi ne dawakin folo da ake shigowa da su daga Ajantina, inda sanyinsu yake faɗowa daga Yuni zuwa Agusta. Irin wannan doki yana iya sauka da gashin sanyi a ƙasa mai zafi, kuma jikinsa yakan ɗauki lokaci kafin ya gane an juya masa shekara. Askinsa taimako ne.

Sanyinmu kuma daban yake. Babu ruwa, sai iska da ƙura. Dare a Disamba da Janairu yakan sauko wajen digiri 12 ko 13 a Kano da Katsina, a Jos ya gaza haka, amma kafin azahar an doshi 30. Bargon da aka ɗinka don ruwan Ingila, in aka sa shi da daddare yaron barga ya manta bai cire ba sai hantsi ya yi nisa, ya zama tukunyar dahuwa. Na yarda dokin da ya tashi a zafinmu, mai gajeren gashi, zai riga ɗan'uwansa na Ingila jin ɗari, musamman ma da yake rani ne lokacin da abinci ke tsada, dawaki da yawa su rame. To, amma ramammen doki abin da ya fi buƙata a daren hunturu shi ne harawa.

Yayana yana da dawaki biyu da yake hawan Sallah da su. A bara ɗansa ya zo mini da hoton wani bargo mai giram 300 da ya gani a intanet, yana so in sa baki mahaifinsa ya saya. Muka zauna muka lissafa kuɗinsa da na dakonsa, muka ga zai sayi damin harawa mai yawa. Daga nan muka shiga bargar tare. Muka sa aka kafa zana ta arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke shigowa. Aka mayar da babban kason harawa zuwa dare, aka daina wankan asuba sai rana ta ɗaga, aka kuma riƙa ajiye ruwan sha a rana kafin a ba su, domin doki yakan rage shan ruwa in ya yi sanyi, ga busasshen abinci, daga nan ƙullewar ciki ke farawa. Ingarman mai ƙuruciya ba a rufa masa komai ba. Tsohon kilin, wanda haƙarƙarinsa suka fara nunawa, shi aka nema wa gwadon auduga, ana ɗaura masa bayan sallar isha'i, a kwance da hantsi, kuma yaron ne aka ɗora wa alhakin cusa hannu ƙarƙashinsa kafin ya tafi makaranta.