Ranar da Aka Fasa Dakalin Baba

Duk wanda ya tashi a lungunan Gyaɗi-Gyaɗi ya san da tsoron ruwan Agusta ake gina ƙofar gida. Kowace shekara sai an zuba ƙasa da ɓaraguzai a layi don a cike kwari. Layi ya yi ta tashi, gida ya yi ta nutsewa, maigida kuma ya kira birkila ya ƙara bulo ɗaya a dokin ƙofa. Haka namu gidan yake, can bayan Court Road: ka tsallake kwata a kan silab mai girgiɗi, ka hau matakala biyu, ka ratsa soro, ka sauka tsakar gida, sannan kowane ɗaki da nasa dokin ƙofar. Muna yara a guje muke wuce su, ko lura ba ma yi.

A daminar 2004 hawan jini ya kayar da mahaifinmu, aka sallamo shi da shanyewar ɓarin jiki, hannu da ƙafar dama sun daina aiki. Asibitin Malam Aminu Kano yana nan kusa da mu a titin Zariya, mai lafiya da ƙafa ma yake zuwa, kuma can ake yi masa gashi. Amma fito da shi daga ɗaki zuwa bakin layi ya fi tafiyar kanta wuya. Sai an ɗaga shi, an naɗe keken guragunsa, an tsallake, an buɗe, an sake zaunar da shi, haka a kowace ƙofa.

'Yan dubiya magana ɗaya suke maimaitawa: "Alhaji, ai ka gode wa Allah, ga yara cike da gida." Gaskiya suka faɗa, gidan Bahaushe da hannun jama'a yake jinya. Abin da ba su duba ba shi ne halin wanda ake ɗauka. Ni ne ɗan fari. Mutumin da bai taɓa kiran sunana ba saboda alkunya, wanda ko ina jinjiri aka ce bai ɗauke ni a gaban mutane ba, shi nake tallabowa a kafaɗa maƙwabta suna kallo. Sannu a hankali ya daina neman fita. In an ji kiran salla sai ya ce, "Ku je kawai." Umma ce ta fara gane cewa ya rage shan ruwa, ya rage cin tuwon dare, don kada buƙata ta kama shi ya tashi wani daga barci.

Da farko birkila muka kira. Ya zuba siminti a kan matakalar nan biyu, ya shafe, ya karɓi kuɗinsa. In ka tura keke sama sai ka haɗa da ƙirji, in za a sauko kuwa sai mutum biyu sun riƙe.

Wanda ya fitar da mu wani mai walda ne da shan inna ta taɓa tun yana ƙarami, cikin masu haɗa kekunan guragu masu ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu. Kano tana da irin waɗannan maƙera, har ƙungiya gare su, wadda Aminu Ahmad Tudun Wada ya daɗe yana jagoranta. A lokacin gari cike yake da gardamar rigakafin shan inna, wanda aka dakatar a 2003 aka dawo da shi a watan Yulin 2004. Kowace majalisa ta zama ta likitoci, amma ban tuna na ji an waiwayi waɗanda cutar ta riga ta kwantar an tambaye su yadda suke shiga gidajensu ba.

Gyaran birkin keke ya kawo shi. Ya dubi aikin birkila ya yi dariya, ya ce, "Wannan ai na shigar da babur ne." Ya sauka daga kekensa, ya sa silifa a hannu, ya zaga gidan nan a ƙasa yana awo da igiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: abin da muka shekara muna takawa, shi a yini ɗaya ya karanta mana shi.

Ƙa'idarsa mai sauƙi ce, daga baya kuma na tarar ita injiniyoyi suke bi: duk inci ɗaya na tudu, ƙafa ɗaya ta tsawon gangare. Matakalarmu ta haura ƙafa guda, ke nan gangaren zai ci fiye da ƙafa goma sha biyu, layinmu kuwa ko mota ba ta shiga da daɗi. Dole ya bi jikin bango, inda dakalin Baba yake. A nan aka yi ta ja. A kan dakalin nan ya yi shekaru yana hira bayan la'asar, a kansa aka raba goron auren yayyen unguwa da dama. Kawunmu ya ce ba za a taɓa ba. Mai walda ya matsa kusa da Baba ya ce, "Alhaji, ku gafarce ni, yaushe rabonku da zama a kansa?" Baba ya yi shiru, can ya ɗaga hannun hagu ya ce a fasa.

Yawancin sauran aikin ƙanana ne. Kafin siminti ya bushe aka ja tsintsiyar kwakwa a kai don ya yi kaushi. Aka kafa bututun ruwa a gefe biyu, domin mai hannu ɗaya in ya kama wannan gefen wajen hawa, wancan zai nema wajen sauka. Da aka zo fasa dokin ƙofar ɗaki Umma ta ƙi, ta ce ruwa da kunama, sai aka haƙa 'yar magudana a gabansa aka rufe da ragar ƙarfe.

Ban ɗaki shi ne babba, kuma shi ne abin da ba wanda ya iya ambata a gaban Baba sai baƙon nan. Masai ne na tsugunno, ƙofarsa ba ta wuce ƙafa biyu. Aka faɗaɗa ta zuwa uku, aka juya ta tana buɗewa waje, don in mutum ya faɗi a ciki kada jikinsa ya tokare ta. Ya haɗa kujerar ƙarfe mai rami daidai tsayin keke, ya dasa mariƙi a bango, ya yi wa buta mazauni a hagu. Daga wannan makon Baba ya koma cin tuwonsa. Ya koyi jan keke da hannu da ƙafar hagu, yana fita da kansa har ƙofar masallacin layinmu, inda matakala ta tsayar da shi. A sahun waje ya yi salla har ƙarshen rayuwarsa.

A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya cika, kowa kuma yana da idon duba bankuna da ofisoshin da ke kan titin Zariya. Gidan kwana dai ba ruwan dokar da shi. Sababbin gidajen Tarauni da Daurawa da Hotoro ma sun fi namu na da tsanani: matakala huɗu, tayil mai sheƙi da ko mai lafiya yake zamewa a kai bayan alwala, ɗakin maigida a bene.

Bara ƙanena ya fara gini a Darmanawa. Ya ce duk ƙofa ƙafa uku, ban ɗaki ɗaya a ƙasa, ba doki. Birkila ya ajiye cokalinsa ya ce, "Yallaɓai, akwai mara lafiya ne a gidan?" Ya ce babu. Sai da ƙanen nawa ya tsaya a kansa ranar da za a kafa firam, don birkilan ya riga ya yanko na ƙafa biyu da rabi.